Rokar da Aka Kafe da Siminti

Shekara tara ke nan a wannan kaka da Allah Ya karɓi ran Malam, mijina. Ana tsakiyar yankan dawa muka kawo shi asibiti nan Birnin Kudu, bai koma garinmu Zandam da ƙafarsa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba aka kai ni ɗaki. Abin da kuke karantawa bakina ne, hannun kuwa na 'yata Zuwaira ne, wadda nake zaune a wurinta yanzu. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sa wa maganata zuma. Mun yi ta tsayawa saboda kuka yana cin ƙarfina, kuma ba na jin kunyar faɗin haka. Ana ce mini in yi haƙuri, an daɗe. Haƙuri ina yi, amma har yau in na ji ƙarar keke a ƙofar gida sai gabana ya faɗi.

Sai dai ba kewa kaɗai ta sa na ce a rubuta ba. Raina a ɓace yake. Akwai wata malama, ɗalibarsa ce ta hannu, da aka matsa wa har ta kusa ajiye koyarwa saboda ta yi abin da ya koya mata. Waɗanda suka matsa mata kuwa da su ake shirin bikin karrama shi. Wannan ne na kasa haɗiyewa.

Ba za ku ji sunansa a nan ba. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa furta shi ba, a gabansa ko a bayan idonsa. Haka muka taso muka ga iyayenmu mata suna yi. Ko yaron maƙwabta da ya ci suna irin nasa, Mai Sunan Malam nake ce masa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a ƙasar Gwaram. Ita ma ba zan ambace ta ba, don ba tonon asiri na zo yi ba. Waɗanda abin ya shafa sun san kansu. A zamaninsa ba abin da makarantar ta mallaka sai allo da alli. Yakan dawo gida ya jingine keke ya zauna yana tsaki. Ya ce yara sun haddace cewa iska tana da ƙarfi, suna rerawa kamar waƙar gaɗa, amma in ka ce su nuna maka sai su zuba maka ido. Wata shekara aka tura su kwas Kano lokacin hutu. Sauran malamai suka dawo wa iyalinsu da atamfa da alewa, shi ya dawo mini da buhu cike da gorunan lemo na roba, fanko.

Roka ya ce zai yi da su. Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda take. Ana samun gorar roba a zuba mata ruwa, ba a cikawa. A toshe bakinta da guntun tsohon silifa, a huda shi a cusa bawul ɗin tayar keke. A liƙa mata fukafukai na kwali kusa da wuya, a ɗora wa gindinta hula mai tsini da ɗan yumɓu a ciki, domin in an kifa ta gindin ne zai zama kai. Sai a haɗa famfon keke a yi ta bugawa. In iska ta cika ta rasa wurin zama, sai ta fatattaki abin toshin, ruwa ya yi ƙasa da ƙarfi, gora ta yi sama. Babu wuta, babu albarushi. Ruwa ne da iska da ƙarfin damtsen yaro.

Faɗa da baki ke nan. A aikace kuwa, an daɗe babu wadda ta yi tashin kirki. Wata ta fashe, wata ta yi ta tsiyaya tana huci kamar kububuwa, wata ta bi ƙasa a guje ta tarwatsa mini kaji. Mazurarina na man gyaɗa ya koma na kimiyya, bokitina ya bi bayansa. Kullum sai Malam ya dawo jiƙe sharkaf kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Gari ya sa masa Malam Mai Gora. Ran wata kasuwa wani mahauci ya tare shi a gaban jama'a ya ce, “Malam, duk karatunka ba ka ji an ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo ba?” Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi dariya ya ce, “Na ji, Sarkin Fawa. Abin da ba a gaya mana ba shi ne dalilin da wani jifan ya fi wani nisa. Shi muke nema.” Ni da aka kawo mini labari ban yi dariya ba. Na daɗe ban aiki kowa sayen nama wurin mutumin nan ba.

Dokarsa ɗaya ce, duk wanda ya bi ta ajinsa zai shaida. In roka ta faɗi, ba a yi wa mai ita dariya, ba a kuma yi masa jaje. Yaran duka za su ruga inda ta faɗi, su tsugunna su kewaye ta. Sai Malam ya tambayi mai ita, “Me ya kayar da ita?” Ba ya karɓar “ban sani ba,” ba ya karɓar “haka Allah Ya so.” Yakan ce komai da ikon Allah ne, amma Allah Ya sa wa kowane abu sababi, Ya kuma ba ka ido. Sai yaro ya yi ta juya ta har ya gano: fiffike ɗaya ya karkace, ko ruwa ya yi yawa, ko yumɓun kai ya yi kaɗan. In ya faɗa, Malam ya ce, “A sake.” Shi ke nan. Ba bulala, ba zagi.

Kuma ba a yar da wadda ta faɗi. Mai ita zai rubuta sunansa a jikinta, Malam ya ɗauro ta a bayan keke ya kawo gida. Tsohon rumbunmu na bakin gona da muka daina zuba hatsi, shi ya cika da su. Na taɓa ce masa, “Malam, mutane rumbunsu gero, mu namu gawar gora?” Ya ce, “Waɗanda suka tashi ai sun gama aikinsu. Waɗannan su ne malaman.”

Ranar da ta farko ta zarce rimin bakin fili, yara suka yi ta ihu har mata suka leƙo ta kan danga. Amma ko a ranar, ba tashin ne ya dawo yana ba ni labari da zumuɗi ba. Wata yarinya ce, Hauwa, 'yar wani manomi a unguwarmu, wadda tata ta yi ta faɗuwa har aka gaji da lissafi. Ya ce ta ɗaga kai ta kalli wadda ta tashi, ta koma kan tata tana gyaran fiffike. Ya ce, “Wannan za ta yi malanta.”

Ta kuwa yi. Lokacin da ya rasu tana kwalejin horar da malamai. Bayan sadakar arba'in na ɗauko famfon kekensa, wanda hannunsa ya goge har ya yi santsi, na ba ta. Littattafansa 'ya'ya suka raba, famfo kuwa na san magajinsa. Da ta gama aka tura ta makarantar da ya bari, ta ci gaba da tayar da roka da yara, da tambayar nan tasa, da “a sake” ɗinsa. Nakan ji labari daga nan Birnin Kudu in ji sanyi a raina.

To ga abin da ya faru. Bara aka gina wa makarantar ɗakin kimiyya sabo fil, da kwano da silin da fenti. Aka kawo kaya a kwalaye, irin waɗanda Malam ya mutu yana begensu: gilasai, ma'aunai, har da abin nan da ake leƙawa a ga ƙwayoyin cuta. Ran buɗewa aka gayyato manyan baƙi, shugaban makaranta ya ce Malama Hauwa ta sa yara su tayar da roka a gabansu. Aka buga famfo, roka ta tashi, ta karkace, ta yi kan rumfar baƙi, ta feshe babban baƙo da ruwa tun daga hula har gaban babbar riga, ta faɗa ƙarƙashin kujeru. Ba wanda ya ji ciwo. Yara kuwa suka yi abin da aka koya musu. Suka ruga, suka kutsa tsakanin ƙafafun manya, suka jawo ta suka tsugunna a kanta.

An ce babban baƙon ma dariya ya yi, ya karkaɗe rigarsa. Shugaban makaranta ne bai yi ba. Washegari ya tara malamai ya ce an kunyata shi, an zubar da mutuncin makaranta. Ya hana roka. Ya ba Hauwa takardar tuhuma, ya ce in ta kuma zai sa a yi mata canjin wurin aiki zuwa inda ko babur ba ya shiga da damina. Ya ce mata tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ɗakin kimiyya kuwa ya danna masa kwaɗo, makulli a aljihunsa, wai yaran da ba su iya riƙe gora ba, ba za a ba su gilashi su fasa ba. Tun daga ranar ba a buɗe shi sai in baƙi za su zo, a kaɗe ƙura, a ɗauki hoto, a mayar da kwaɗo.

Nakan zauna in tambayi kaina, da Malam zai ɗago ya ga wannan, me zai ce? Na san shi. Da farko zai yi hawayen murna da ganin kayan nan. Sannan ya miƙa hannu ya ce a ba shi makulli. In aka ce ana tsoron kada yara su fasa, zai ce to wa aka kawo wa? Wace uwa ce take hana 'yarta taɓa tukunya don kada ta fashe, sannan ta sa ran za ta iya tuwo? Tuwon farko ai gudaji ne, kowace mace ta sani. Yaro ba ya tafiya sai ya sha faɗuwa, ba mu taɓa ɗaure shi a turmi don kada ya kunyata mu gaban baƙi ba. Malam ya koyar da kimiyya da abin da aka zubar a bola, su kuma sun mayar da kayan kimiyya kwanon jere, na kallo ba na ci ba.

Kuma ba makaranta ɗaya ba ce, ba mutum ɗaya ba ne. Ina zaune a tsakar gida ina jin hirar iyaye. Kowa so yake ɗansa ya ci jarrabawa, ba mai tambaya ko ya iya. In yaro ya faɗi, ba a tsugunnawa a ce me ya kayar da shi, sai a nemi wurin da ake rubuta wa yara amsa a allo a kai shi can. Mun mayar da faɗuwa abin ɓoyewa kamar kuturta. To wanda bai taɓa faɗuwa ya tashi ba, ran da duniya ta kayar da shi, wa zai koya masa tashi?

Ana cikin haka sai ga baƙi a gidan Zuwaira. Shugaban makarantar ne da Alhaji Bala, shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, mai motocin haya tsakanin nan da Kano. Bala ɗalibin Malam ne, a gabana ya girma. Sun gaishe ni da ladabi, ba zan yi musu ƙarya ba, har da goro da turmin atamfa. Suka ce an yanke shawarar sa wa ɗakin kimiyya sunan Malam, za a rubuta shi da manyan baƙaƙe a saman ƙofa, suna so in je in yanke ƙyalle. Bala ya ciro waya ya nuna mini hoto. Wai sun sa mai walda a Kano ya ƙera roka ta ƙarfe, ta fi mutum tsayi, an shafe ta da fenti, an kafa a ƙofar ɗakin.

Na ce, “Ma sha Allah. Tana tashi?”

Ya yi dariya ya ce, “Haba Inna, ta ado ce ai.”

“To faɗuwa fa, tana yi?”

“Ina! Siminti aka zuba mata har gindi. Ko guguwa ba ta kayar da ita.”

Na ce, “Bala, ba kai ne rokarka ta faɗa cikin ƙwaryar mai fura ba, Malam ya je ya ba ta haƙuri, ya dawo ya tsugunar da kai ya ce me ya kayar da ita? Taka tana nan a rumbu da sunanka, da busasshiyar fura a hancinta. Ka taɓa ji ya sa wa ajinku kwaɗo?”

Ya sunkuyar da kai. Shugaban makaranta ya gyara zama ya ce, “Hajiya, zamani ne ya canza. Yanzu komai a waya ake ɗauka. Kuskure ɗaya sai ka ji ka a duniya, kuma ni za a kira.” Na ce, “Ni ba Hajiya ba ce, Allah bai kira ni Makka ba tukuna. In kuma tsoron a gan ka ka faɗi shi ne zamani, to zamanin nan ba zai haifa mana komai ba sai masu ɗaukar hoto.” Ban ce mugun mutum ne ba. Tsoro na gani a idonsa, amma yara ne suke biyan tsoron nan. Na ce su ba ni lokaci in yi shawara. Goro na karɓa don kada in ci mutuncinsu, atamfa na ce su riƙe tukuna.

Da suka fita na kasa cin abinci. Sunan da na zauna da mai shi shekara da shekaru ban bari ya taɓa harshena ba, shi za a shafa da fenti a kan ƙofar da aka kulle wa yara, kusa da rokar da ba ta tashi ba ta faɗuwa? Fankan fankan ba shi ne kilishi ba. Sun ɗauki sunan, sun yar da mutumin.

Ba a jima ba sai ga Hauwa, da goyo a baya da wani abu naɗe cikin zani. Ta ajiye a gabana ta warware. Famfon Malam ne. Ta ce, “Inna, ga amanarki. Na gaji. Maigidana ya ce in ajiye aikin in zauna in riƙe masa ɗan kantin ƙofar gida, na kuma yarda. Na kunyata Malam a gaban duniya.” Tana faɗa tana kuka, ni ma ina yi. Ba ni da ilimin da zan yi mata bayani, ba ni da ikon da zan kare ta. Sai na ji bakina ya ce, “Hauwa, me ya kayar da ita?”

Ta ɗago ta dube ni. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, “Ado ne, Inna. Da safen aka ce ba za a nuna wa baƙi gora tsirara ba. Muka naɗe ta da takarda mai walƙiya, muka ɗaura mata ƙyallaye, nauyi ya rinjaya gefe ɗaya. Ban sake gwada ta ba bayan an yi adon. Kuma na yarda aka kafa ta kusa da rumfa saboda masu hoto, alhali Malam ba ya barin kowa ya tsaya ta inda iska ke kaɗawa.”

Na ce, “Ba a fafe gora ranar tafiya. To kin gano. Daga nan me yake cewa?”

Ta dubi famfon. Can ta ce a hankali, “A sake.” Sai kuma ta ce, “Amma a ina, Inna? An hana ni a makaranta.”

Na ce makaranta tasu ce, gonar Malam ta Zandam tamu ce, ni da 'ya'yana. An kwashe amfani, fili ne fetal, ba rumfa, ba manyan baƙi.

Hauwa ta bi gida gida ta nemi izinin iyaye. Asabar ɗin da ta wuce na sa Zuwaira ta kai ni, mota, sannan babur, ƙasusuwana suna ta ƙara. Na zauna a tabarma a gindin rumbu na sa aka buɗe shi. Gara ta cinye fukafukan, wasu sunayen sun dushe, amma gorunan suna nan. Yara suka yi ta jawowa suna karantawa. Wani ya yi ihu ya ce ga ta kawunsa. Wata ta yi ta tsintar na Malamarsu har ta rasa hannun riƙewa. Suka yi ta kallon Hauwa, wai ashe ita ma ta sha faɗuwa haka.

Ba zan ce muku rokokinsu sun taɓo gajimare ba. Yawanci ba su yi abin kirki ba. Ta farko ko tsayin karan dawa ba ta kai ba, ta kife cikin karmami. Amma kafin ta gama birgima yaran nan sun zuba a guje, maza da mata, suka tsugunna suka kewaye ta, kai da kai. Daga inda nake ban ji abin da suke faɗa ba, ban kuma bukaci ji ba. A nan na ga Malam. Na rufe fuska da mayafi na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar da aka fita da shi.

Hauwa ta koma gida da famfon, ba ta ajiye aikin ba. Amma takardar tuhuma tana nan, barazanar canji tana nan, kwaɗo yana nan.

Me ya rage na Malam bayan shekara tara? Kekensa tsatsa ta ci. Rigunansa mun bayar sadaka. Bai bar bene ba, bai bar mota ba. Muryarsa ma, abin da ya fi ci mini rai, ta fara ɓace mini. Nakan nemi yadda yake sallama a ƙofar gida in rasa. Abin da ya bari shi ne gudun nan da yara suke yi zuwa inda abu ya faɗi. Wannan ba a kafe shi da siminti, ba a rubuta shi da fenti. Amma ana iya kashe shi, da kwaɗo da takarda. Allah Ya sa gudun yaran nan ya zame masa sadaka mai gudana.

Na ce zan yi shawara, ga amsata. Bala, kai nake yi wa magana, don kai ka buga famfon nan da hannunka. Ku cire kwaɗo. Ku janye takardar da aka ba yarinyar nan. Ku bar yara su shiga su taɓa, abin da zai fashe ya fashe, a tsugunna a tambayi me ya fasa shi. Ran da aka yi haka, ko a kan jaki ne zan zo in yanke muku ƙyalle, in karɓi atamfata. In kuwa ba za ku iya ba, ku riƙe rokarku ta ƙarfe, amma ku bar mini sunan mijina inda na ajiye shi. Ban tsare shi a bakina duk shekarun nan don ku rataye shi a saman kwaɗo ba.